Cin Rani Ba Laifi Ba Ne

Mu da muka tashi a gindin hasumiyar Gobarau mun san cin rani gadonmu ne. To, amma saurayin da ya shekara biyar yana aiki a Jidda ko Maraɗi, in ya komo neman aikin tsaro, wa zai tsaya masa? Mai unguwa bai ga zamansa can ba, balle ya shaide shi.

Lawal Rafindaɗi ya yi aikin jakadanci a waje kafin ya shugabanci hukumar tsaro ta NSO a 1984, amma shi gwamnati ta aike shi, fayil ɗinsa na hannunta. Ɗan talaka fa?

Muna roƙon ofisoshin jakadancinmu su riƙa rajistar 'yan cin rani, domin a auna su da shaida. Zato zunubi ne.