Daga Bayraktar Zuwa Tsaigumi: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Yaƙin kwana 44 da aka gwabza tsakanin Azarbaijan da Armeniya a shekarar 2020 ya sa hafsoshin duniya sake lissafi. Wani jirgi marar matuƙi ƙirar Turkiyya, Bayraktar TB2, ya riƙa farautar tankokin Armeniya ɗaya bayan ɗaya. Jirgin kan shafe fiye da awa 24 a sama, mai sarrafa shi kuwa yana zaune a ƙasa gaban allo, yana kallo ta kyamarar da ke gani dare da rana.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda Turkiyya ta kai wannan matsayi. Da Amurka ta ƙi sayar mata da irin waɗannan jirage masu ɗauke da makamai, sai ta juya ga injiniyoyinta, ta jure shekaru na gwaji da gyara. TB2 ya fara tashi a 2014. Yau Nijeriya da Nijar suna cikin masu sayensa.

Mu ma mun taɓa kama wannan hanya. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgin Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018, dukkansu don leƙen asiri. To amma bayan tafi da hotuna, bincike yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa da canjin gwamnati, da ɗakunan gwaji, da albashin da zai hana ƙwararru ficewa.

Wanda ya sayi jirgi bai sayi ilimin da ke bayansa ba, kuma ilimin nan ya haɗa da sanin lokacin da ba a harbi. Ranar 3 ga Disamba, 2023, harin jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya faɗa kan masu Maulidi a Tudun Biri, aƙalla mutum 85 suka rasu. Kyamara tana nuna taro, amma sai horarren mutum mai sahihin bayani ne zai bambance masu zikiri da 'yan bindiga.

Saboda haka nake kira ga Majalisar Tarayya: duk kasafin sayen jirage ya zo da kaso na bincike da horarwa, a haɗa Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna da jami'o'inmu. Allah ya jiƙan mutanen Tudun Biri, ya kiyaye na gaba.