Hoton Gida da Amanar Dillali



Mu da muka taɓa neman gidan haya a Kano ko Kaduna mun ga yadda harkar ta koma. Dillali ya daina cewa "zo mu je ka gani", sai dai ya turo hotuna ta WhatsApp. Falo kamar filin idi, tayil yana sheƙi, bango fari tas. Mu biya kuɗin duba gida, mu hau adaidaita sahu, mu tarar da ɗakin da ƙyar zai ci gado da sif.

Dabarar ba ta da wuya. Wayoyi da dama suna da kyamarar 0.5, a raɓe a kusurwa a ɗauka, ɗaki ya ninka a ido. A ɗauki ƙofar gida da rani, lokacin da kwata ta bushe, wa zai ce a watan Agusta ruwa har tsakar gida yake shiga? Danshin da ya ci gindin bango kuwa, sabon fenti ya ishe shi zuwa a karɓi kuɗi.

Dillalai suna da hujja: ai mai nema zai zo ya gani da idonsa. To, kafin ya gani an riga an ci kuɗin dubawa. Sannan ba kowa ke iya zuwa ba. Akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, akwai ɗan uwan da ke Saudiyya yana tara kuɗin fili da gumin goshinsa, akwai angon da biki ya matso. Hoto suke gani su tura kuɗi, har da la'adar da a haya kan kai kashi 10 cikin 100.

Dillalin shanu a kasuwar Wudil ya san Juma'a mai zuwa zai sake haɗa ido da wanda ya sayar wa sa, shi ya sa yake tattalin sunansa. Na intanet canza layi kawai zai yi. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallan yaudara, kuma a fiƙihu aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. Sai dai talakan da ya riga ya zuba kayansa a ɗaki ba kasafai yake da ƙarfin shari'a ba.

Inda abin ya taɓo mu shi ne, kalmomin da ke ƙarƙashin hoton sau da yawa irinmu ake ba su rubuta, a biya ɗan na kati. In aka kawo mana, mu nemi ranar da aka ɗauki hoton da awon ɗaki ƙafa nawa ne, mu tambayi ruwa da wuta, mu ce a haɗo bidiyo daga bakin titi har banɗaki ba yankewa. Dillalin da ya ƙi, ya nemi wani marubucin.