Batsa A Wurin Aiki: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da maganar kallon batsa a wurin aiki ta taso, magani ɗaya ake ɗaukowa: a toshe shafuka, a hana ma'aikata taɓa intanet don harkar gabansu, a sa manhajar da za ta riƙa leƙen abin da kowa yake yi a kwamfutarsa. Shugabannin ma'aikatu suna son wannan magani domin ba shi da wahala, kuma yana nuna wa duniya cewa sun ɗauki mataki. 'Yan siyasa ma suna sonsa. A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilan Najeriya ta amince da ƙudurin wani ɗan majalisa daga jihar Katsina, ta nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa a toshe shafukan batsa a faɗin ƙasar. Niyyar mai kyau ce, kuma cutar da ake gudu ta gaske ce. Sai dai abin da ya faru a ofisoshin duniya cikin shekarun nan ya nuna cewa maganin yana sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin kuwa yana zaune a kujerarsa.

A watan Afrilun 2010 wani rahoto ya fito daga hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari a Amurka. Babban mai binciken hukumar ya gano mutum 33, ma'aikata da 'yan kwangila, suna kallon batsa a kwamfutocin gwamnati cikin shekara biyar. Mutum 17 daga cikinsu manya ne, albashin wasunsu ya haura dala 200,000 a shekara. Akwai wani babban lauya a hedikwatar hukumar da ke Washington wanda yakan kai awa takwas a rana yana wannan aika-aika, da kwamfutarsa ta cika ya koma kwafa a fayafayai yana tarawa a kwalaye cikin ofis. Hukumar tana da na'urar tace shafuka, kuma tana aiki: ta tare wani akanta fiye da sau 16,000 a wata guda. Duk da haka ya tara hotunan da yake so, ta hanyar zagayawa ta shafin neman hotuna na Google. Yawancin wannan ya faru ne a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali, miliyoyin mutane suna rasa gidaje da ayyuka, masu gadin kasuwar kuma hankalinsu yana wani wuri.

Wancan zamanin kwamfutar kan tebur ke nan. Da waya ta shigo aljihu, katangar ofis ta rasa abin da za ta tare. A 2011 wani mai ɗaukar hoto ya kama ɗan majalisar Indonesiya, Arifinto, yana kallon batsa a ƙaramar kwamfutarsa ta hannu ana tsakiyar zama. Jam'iyyarsa, PKS, tana kan gaba cikin waɗanda suka tsaya aka kafa dokar hana batsa ta 2008, kuma dole ya ajiye kujerarsa. A watan Fabrairun 2012 ministoci uku na jihar Karnataka a Indiya suka yi murabus bayan kyamarar talabijin ta ɗauko ana kallon bidiyon banza a waya cikin zauren majalisa. Ɗaya daga cikinsu shi ne ministan harkokin mata da yara. A watan Afrilun 2022 Neil Parish, ɗan majalisar Birtaniya, ya amsa cewa sau biyu ya kalli batsa a wayarsa cikin majalisa, shi ma ya sauka.

Babu masinja a cikin waɗannan mutane, babu akawu, babu direba. Mutane ne masu ofis na kansu, masu ƙofar da ba a shiga sai da izini, waɗanda yaron sashen kwamfuta ba ya da ƙarfin halin kai ƙararsu.

To, wa dokar hana amfani da intanet take kamawa? Tana kama sakatariyar da ta buɗe manhajar banki ta tura wa mahaifiyarta kuɗin magani. Tana kama akawun da ya duba sakamakon jarrabawar JAMB na 'yarsa, da wanda ya aika saƙon ta'aziyya ga abokin da aka yi wa rasuwa. Su ne ke zaune a fili, allonsu kowa yana gani, kuma su ne takardar gargaɗi ba ta jin nauyin isa gare su. Haɗa waɗannan bayin Allah a layi ɗaya da mai kallon tsiraici zalunci ne, kuma yana rage girman laifin na biyun, domin ya mayar da shi batun ɓata lokaci kawai. Ko ta fuskar aikin ma hujjar ba ta da ƙarfi. A 2009 Brent Coker na Jami'ar Melbourne a Ostareliya ya yi nazari kan ma'aikata 300, ya ga cewa masu ɗan leƙa intanet don hutawa, matuƙar bai kai kashi 20 cikin ɗari na lokacin aikinsu ba, sun fi waɗanda ba sa yi samar da aiki da kimanin kashi 9 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwa tana gajiya, kuma ɗan hutu yana dawo da ita kan hanya.

Leƙen asirin ma yana da iyaka a shari'a. Wani injiniya ɗan ƙasar Romaniya, Bogdan Barbulescu, ya rasa aikinsa a 2007 saboda ya yi hira da ɗan'uwansa da budurwarsa ta Yahoo Messenger a kwamfutar kamfani, kuma kamfanin ya karanta saƙonnin. Bayan shekara goma, a watan Satumban 2017, babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ya yanke cewa an tauye masa haƙƙin sirri, domin ba a sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi masa ba. Najeriya ma tun 2023 tana da dokar kare bayanan mutane, don haka ogan da ke karanta saƙonnin na ƙasa da shi ba tare da ƙa'ida ba yana wasa da doka.

Illar batsa a wurin aiki ta wuce awannin da ake ɓatawa. Akwai illa ga dukiyar ma'aikata: a 2018 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani ma'aikacin hukumar USGS mai nazarin ƙasa ya ziyarci shafukan batsa kusan 9,000, ya kwaso manhajar ɓarna ya sa wa kwamfutocin gwamnati. Amma babbar illar tana kan mutane, musamman mata. Matar da ta shiga ofishin shugabanta da fayil ta tarar da tsiraici a allonsa, an ci mutuncinta, kuma gobe ma dole ta sake shiga. Wadda abokin aiki ya tura wa bidiyon banza ta WhatsApp da dare, ya ce kuskure ne, ta san ba kuskure ba ne. A wurin da kunya take da daraja, irin wannan mace takan haɗiye abin, domin tana tsoron a juya maganar a kanta, a ce me ya sa ita aka tura wa, ko labarin ya kai gida a ce ta bar aikin. Babu manhajar da ke ganin wannan, tunda wayar tasa ce, datar ma da kuɗinsa ya saya.

Masu goyon bayan toshewa za su ce ko ba komai tana rage wani abu. Gaskiya ne, kuma tace shafuka a kwamfutocin ofis da na makarantu abu ne da ya kamata a ci gaba da yi, musamman inda yara suke. Kuskuren shi ne a ɗauka an gama aiki da an toshe. Indiya ta ba da umarnin toshe shafuka 857 a 2015, cikin kwanaki ta sassauta. Da Birtaniya ta fara tilasta tantance shekarun masu shiga shafukan batsa a watan Yulin 2025, manhajojin VPN masu ɓoye inda mutum yake suka hau sahun gaba cikin waɗanda aka fi saukewa a ƙasar. Babban mutum da ya ƙudurta zai samu hanya.

Abin da ya kawo ƙarshen Neil Parish shi ne 'yan majalisa mata biyu da suka ga abin da idonsu, suka faɗa a gaban mai tsawatarwa na jam'iyyarsu, aka kuma saurare su. Nan ne ma'aikatu ya kamata su zuba ƙarfinsu. A rubuta ƙa'ida a fili wadda ta yarda da ɗan amfani da intanet don buƙatar kai, ta kuma faɗi irin sa idon da ake yi, kowa ya sa hannu, tun daga mai shara har darakta. A ware kallon batsa da tura ta ga abokan aiki a matsayin laifin cin mutunci, ko a wayar wa aka yi shi. A samar da wurin kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙara, da mace a cikin masu karɓar koke, a kuma tabbatar wa mai ƙara cewa ba za a sauya mata wurin aiki ko a danne mata ƙarin girma ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya riga ya haramta aika wa mutum saƙon batsa, kuma ma'aikata suna da haƙƙin a sanar da su wannan tun ranar da suka kama aiki.