Taswirar Jiya Ba Za Ta Shayar Da Jos Ta Yau Ba

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, Badun ko Fatakwal da ya taɓa sauka a Terminus ya ga 'yan garuwa suna tura kurar jarkoki a tsakiyar birnin Jos. Wannan abin takaici ne, domin kuwa daga duwatsun Filato kogin Kaduna da na Gongola suka taso, ga kuma madatsun ruwa na Lamingo da Liberty, da ta Yakubu Gowon a Shen. Ruwa dai akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sahihin bayanin inda yake kwance da inda yake bi.

Da yawa daga taswirorin ƙasar nan an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekarun 1960, tun kafin a kafa Jihar Filato a 1976. Daga wancan lokaci unguwanni sun tsiro, an yi gine-gine a kan magudanai, an cike wasu ramukan kuza. Ma'aikacin da ya shimfiɗa bututu bisa irin wannan takarda, to, garin da ba ya nan yake yi wa aiki.

Idan ba a manta ba, a watan Yuli na 2012 ruwan sama ya tumbatsa madatsar Lamingo, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare, mutane fiye da 30 suka rasu. Ruwa ya san tsohuwar hanyarsa ko da takarda ta manta da ita.

Haka kuma, ƙarƙashin Jos dutse ne, ruwan ƙasa kuwa a tsagoginsa yake maƙalewa. Shi ya sa rijiyar burtsatse takan ba da ruwa a wannan gida, ta maƙwabci ta fito ƙaf.

Saboda haka wajibi ne a yi wa kowace taswira tambayoyi uku: yaushe aka zana ta, wa ya yi awon, kuma an taka ƙasa an tabbatar? Ya kamata Hukumar Ruwa ta Jihar Filato da ofishin safiyo su sabunta taswirorinsu, su kafa su inda talaka zai gani.

Shi kuma mai neman halaliyarsa a Kudu, kafin ya aika kuɗin fuloti ko na haƙa rijiya, ya nemi a nuna masa takardar awo da shekararta. Matambayi ba ya ɓata.