Ba Wuƙar Likita Ke Kashe Matan Gabas Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu mu 'yan boko, wadda na gaji da jinta a ɗakunan kwana da teburin mai shayi. Cewa ake yi wai likitocin birnin Sakkwato sun faye son wuƙa, da mace ta shiga hannunsu da naƙuda sai a yi mata fiɗa, alhali kuwa matan Wurno da Rabah da Goronyo durƙusawa suke yi su haihu da kansu. Mai wannan magana yakan kawo hujjarsa: asibitin birni fiɗa tuli, asibitin ƙauye sai jefi-jefi. Lissafin gaskiya ne, amma an karanta shi a baibai, kuma matanmu ne ke biyan kuɗin kuskuren da rayukansu.

Shin su wa ake kaiwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru? Galibi waɗanda abin ya gagari kowa ne: yarinyar da ta yi kwana biyu tana naƙudar fari ƙugunta bai isa ba, da wadda jijjiga ta kama saboda hawan jini, da uwar 'ya'ya takwas da jini ya ɓalle mata, da wadda ɗan ya zo mata a gicciye. Inda ake tara irin waɗannan mata dole fiɗa ta yi yawa, kamar yadda tsofaffin motoci ke yawa a garejin bakanike ba don shi ya ɓata su ba.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa haɗarin ya fi tsanani ga 'yan matan da suka ɗauki ciki jikinsu bai gama girma ba, da matan da suka yi haihuwa da yawa, fiye da kowa kuma ga waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba sai da rai ya kai maƙoshi. Har ma ya lura cewa ƙananan 'yan matan da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, buƙatar fiɗa kuma ta ragu a tsakaninsu. Shekara arba'in ke nan takardar na kan kanta tana shan ƙura.

To, mu dubi gabas. Duk waɗannan abubuwan haɗari, auren wuri da haihuwar kunika da ƙarancin jini da rashin awo, a ina suka fi yawa, a unguwannin ma'aikata na birni ko a ƙauyukan fadamar Rima? Kowa ya san amsa. Da a ce halin da mace ke ciki shi kaɗai ke sa a yi mata fiɗa, da Goronyo ta fi birni yawan fiɗa. Da muka ga akasin haka, sai mu san cewa ƙarancin fiɗar can ba alamar lafiya ba ce. Alama ce ta rashin likita da mai allurar barci da jini da wuta da mota.

Ga abin da hukumomi suka ƙirga. A 1985 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a Fortaleza ta ƙasar Barazil suka yi magana kan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na haihuwa. A 2015 hukumar ta bayyana cewa mutuwar uwaye da jarirai na raguwa yayin da yawan fiɗa ke hawa zuwa kashi 10. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami Nijeriya da ƙasa da kashi 3, a Jihar Sakkwato kuwa matan da suka haihu a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2023 an ƙiyasta mata kusan 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Barazil, inda fiye da rabin jarirai ta fiɗa ake ciro su, tana da damar kukan wuƙa ta yi yawa. Mu da muka ari kukanta, me muke yi wa kuka?

Ban manta da matar wana ba. Naƙuda ta kama ta da la'asar, tsofaffi suka ce a yi haƙuri, 'yar gidan mutunci ba ta raki. Da asuba aka kai ta wani asibiti, aka ce likita ya tafi birni, janareto kuma babu mai. Aka rubuta mata takarda. Kafin a sami mota a isa Sakkwato ɗan ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. A littafin asibitin farko ba a rubuta fiɗa ba, ba a rubuta mutuwa ba, littafinsu fes. A littafin asibitin birni kuwa an ƙara fiɗa ɗaya da gawa ɗaya. Sai ga ɗan boko ya ɗauki littattafan biyu yana yanke hukunci! Wannan ma a lokacin da ake iya bin hanya ke nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, har suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, wane direba ne zai fito da mai naƙuda da tsakar dare ba tare da ya yi shahada ba?

Kada a ce na wanke likitoci tas. Inda fiɗa ta zama hanyar samun kuɗi, son zuciya na iya shiga, fiɗar da ba dalili kuwa zalunci ce, domin tabon mahaifa na iya yagewa a haihuwa ta gaba, balle ga macen da za ta koma ƙauye ta sake durƙusawa a gida. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma akwai ma'aunin gano gaskiya. Likitan nan Michael Robson ya fito da shi a 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2015. Ana kasa masu haihuwa gida 10: haihuwar fari ce ko a'a, an taɓa yi mata fiɗa, ɗa ɗaya ne ko tagwaye, da kai ya zo ko da ƙafa, cikin ya isa ko bakwaini ne, naƙudar da kanta ta zo ko tayar da ita aka yi. Daga nan sai a gwada asibiti da asibiti, gida da gida. Abin da ya rage bayan haka yana iya zama daga asibitin yake, ko dai yawan wuƙa ko rashinta. Ba a buƙatar na'ura, littafi da biro sun isa.

A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Madalla. Sai dai kyautar ba ta isa ga macen da ke ƙauyen Rabah sai an kunna fitila a ɗakin fiɗar da ke kusa da ita. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta riƙa buga lissafin kowane babban asibiti duk shekara bisa ma'aunin Robson, haɗe da adadin matan da aka tura birni da abin da ya same su.

Ku kuma 'yan Wurno da Rabah da Goronyo da ke cikinmu, in kun je hutu ku shiga asibitin garinku da ladabi, ku tambayi mai kula da ɗakin haihuwa fiɗa nawa aka yi a watan jiya, mata nawa aka tura Sakkwato, leda nawa ta jini ke ajiye a daren nan. Ku rubuto amsar, ku kawo wa Edita.