Daurawa daga Sama, Daurawa daga Ƙofar Gida



Yaron da aka raɗa wa suna a unguwar Daurawa da ke Kano a makon ƙidayar jama'a ta ƙarshe, cikin watan Maris na 2006, ya isa yankar katin zaɓe tun 2024. Wataƙila yanzu yana jan a-daidaita-sahu a titin Maiduguri, ko yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ko kuma yana jami'a. Ƙannensa da suka biyo bayansa kuwa, babu ko ɗaya da malamin ƙidaya ya taɓa shafa wa tawada a babban yatsa. A takardun hukuma, duk ƙiyasi ake yi da su.

Waccan ƙidayar ta ce mutanen Najeriya sun haura miliyan 140, Jihar Kano na da kimanin miliyan 9 da dubu 400, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye kuma na da kusan miliyan 2 da dubu 800. Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ta haɗa Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku da sauransu cikin mazaɓunta goma, an ba ta mutum dubu 221 da 'yan kai, a fili mai murabba'in kilomita 28. Wato kusan mutum dubu takwas ke nan a kowace murabba'in kilomita, tun a wancan lokacin.

Daga ranar zuwa yau, abin da ake yi shi ne a ɗauki wannan adadi a riƙa ɗora masa kashi uku da ɗoriya cikin ɗari kowace shekara. Lissafin yana da sauƙi, amma gari ba haka yake girma ba. Unguwar da ta riga ta cika, kamar Gyaɗi-Gyaɗi, ba ta da gonar da za ta ci, sai dai ta cushe daga ciki: a yanka tsakar gida a fitar da ɗaki, a mayar da soro shago, a ɗora bene. Unguwar bakin gari kuma, irin su Mariri da Na'ibawa da Sheka, faɗi take yi, ana yanka gonaki da awon igiya, kafin damina biyu ta zagayo layuka sun tsaya. Ma'auni ɗaya ba zai auna waɗannan biyun daidai ba. Kuma da wannan ƙiyasin ne ake tsara yawan ajujuwa, da allurar rigakafi, da bututun ruwa, da motar kwashe shara.

Son ganin Kano daga sama ba yau ya fara ba. A 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya hau Dutsen Dala ya zana garin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da kimanin dubu talatin, ban da baƙin da ke cika shi lokacin fatauci. Abin da ya gani shi ne badala mai faɗi, amma babban ɓangaren cikinta fili ne da gonaki da kududdufai. Bayan fiye da ƙarni guda, aka yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan mai tsara shi, Trevallion. Garin ya tsere wa tsarin. Sunayen unguwanni ma shaida ne: a cikin mazaɓun Tarauni akwai Ƙauyen Alu, sunan na nan da ƙauyensa, amma birni ya daɗe da haɗiye wurin.

Abin da Barth ya yi da ido daga kan Dala, yanzu tauraron ɗan'adam ke yi. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun daga 2008 hotunansa kyauta ne ga duk mai intanet. Kowane ɗigo a hotunansa na baya-bayan nan yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da faɗi. Na Turai mai suna Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, ya rage shi zuwa mita 10. Najeriya ma ta shiga sahu da NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 a 2011. Idan aka jera hotunan Kano na shekaru daban-daban, ana ganin gine-gine na bin manyan tituna kamar yadda ruwa ke bin kwari, titin Zariya, titin Maiduguri, titin Katsina, daga baya kuma su cike tsakanin. Ana ganin koren gona yana komawa farin kwano. Ana kuma ganin kududdufai suna ƙanƙancewa saboda cikewa da ake yi ana gini a kai, abin da mutanen cikin gari ke ɗanɗana kuɗarsa duk watan Agusta, idan ruwan sama ya rasa mazauni ya shigo ɗaki.

Wanda ya fara tilasta wa Kano amfani da waɗannan hotuna gadan-gadan shi ne yaƙi da cutar shan inna. A da, 'yan rigakafi da taswirar da aka zana da biro suke fita, sai a tsallake ruga, ko sabon layi, ko wani lungu da ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowa na zaton na ɗan'uwansa ne. Daga wajajen 2012 aka koma zana taswirar kowace mazaɓa daga hoton tauraro, aka sa wa ƙungiyoyin masu ɗiga maganin waya mai nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano na cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Da yamma sai a ɗora sawun ma'aikata a kan taswira, inda ba a je ba ya fito fili, gobe a koma. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Sarakuna da malamai da matan da suka yi ta shiga gida-gida su ne ƙashin bayan nasarar, amma taswirar ce ta nuna musu ƙofar da ta rage.

Daga nan masana suka ce, tunda ana iya ganin gidaje, me zai hana a ƙiyasta mutane? Masu bincike na cibiyar Oak Ridge ta Amurka sun gwada haka a jihohin Kano da Kaduna, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun koya wa kwamfuta ta bambanta matsuguni da daji, ta kuma kasa unguwanni iri-iri bisa girman gine-gine da yadda suka matsu. Sannan suka zaɓi wasu ƙananan yankuna, aka tura mutane da ƙafa suka ƙirga kowa da kowa a ciki. Da wannan 'yar ƙaramar ƙidaya aka auna sauran wuraren da suka yi kama da su. Shirin GRID3, tare da masanan WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila, ya faɗaɗa dabarar zuwa ƙasa baki ɗaya, inda aka yanka Najeriya gida-gida kamar allon dara, kowane gida kimanin mita ɗari, da ƙiyasin mutanen cikinsa.

To amma a lura da wannan: ko masu tauraron ba su yarda da shi shi kaɗai ba, sai da suka tura ɗan aike ya yi sallama a ƙofar gida.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san Daurawa. Ga gidaje biyu a layi ɗaya, rufinsu kusan girma ɗaya, daga sama ba ka bambanta su. Na farko ma'aikaci ne da matarsa da 'ya'ya uku. Na biyu gidan gado ne: tsohuwa na ɗakinta, 'ya'yanta maza biyu kowa da sashensa da iyalinsa, an ba 'yan haya ɗakunan waje, soro kuma da dare ya zama makwancin samari da almajiran malamin maƙwabta. Tauraro rufi biyu ya gani. Mai unguwa kuwa ya san tukunyar da ake ɗorawa a kowane, ya san gidan da aka yi suna makon jiya, da wanda baƙi suka sauka daga Zamfara ko Borno suna gudun tashin hankali. Hoton ba ya nuna mai ciki, ba ya nuna yaron da ya isa shiga aji ɗaya. Sannan akwai jama'ar rana: dubban da ke kwarara Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da tashar Unguwa Uku, da kasuwar Tarauni, su sha ruwan unguwar, su bar shararsu, magariba ta yi su koma wasu ƙananan hukumomin da aka ƙirga su.

Saboda haka ƙidaya ta gaskiya ba ta da madadi. Majalisar Ɗinkin Duniya na ba da shawarar a yi ta duk shekara goma, amma a ƙasar nan ta daɗe da zama fagen rigima, domin da ita ake rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa. An soke ta 1962, an yi ta jayayya kan ta 1963, ta 1973 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta yi watsi da ita a 1975. A 2006 Legas ta ƙi amincewa da adadinta, ta fito da nata. Wadda aka shirya farawa ranar 3 ga Mayu 2023 aka ɗage ta saura kwanaki kaɗan, bayan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta riga ta shata yankunan ƙirga da hotunan tauraro, ta kuma tanadi na'urorin hannu a madadin takarda. Wannan jinkiri abin takaici ne, domin taswira ma tana tsufa. Layin da aka shata a bakin gari shekarun baya, yau ya haifi wasu layukan.

Sai dai Tarauni ba sai ta naɗe hannu tana jiran Abuja ba. Hotunan suna nan kyauta. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin ƙasa da ɗaliban da ke neman aikin bincike. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar KANGIS mai riƙe da bayanan filaye suna cikin garin nan. Masu unguwanni da dagatai suna bakin ƙofarsu. Abin da ya rage shi ne a zauna a tabarma ɗaya, a buga hoton Daurawa a babbar takarda, mai unguwa ya ɗora yatsa ya ce wannan rufin makarantar allo ce, wancan gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, nan kuma da kududdufi ne, shi ya sa layin ke cika da ruwa. Matan da suka yi shekaru suna rubuta alli a bangon gidaje lokacin rigakafi sun san adadin yaran kowane gida fiye da kowace na'ura, kuma yawancinsu a cikin unguwannin suke zaune. Da su ya kamata a fara, mazaɓa ɗaya bayan ɗaya, daga Daurawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ta Arewa da ta Kudu, har a kai Babban Giji.