SHARHI: Gam ɗin Gyaran Gilashin Mota da Lafiyar Yaranmu Masu Koyon Sana'a

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi tashar Unguwa Uku, ko kuma ya ratsa lungunan Babban Giji a Ƙaramar Hukumar Tarauni, ba zai rasa ganin garejoji da rumfunan masu gyaran mota jere a gefen hanya ba. Ga makanikai, ga masu walda, ga masu fenti, sa'annan ga masu gilashi, waɗanda aikinsu shi ne ɗinke gilashin gaban mota idan ya tsage, ko sauya shi ɗungurungum idan ya farfashe. A kan waɗannan na ƙarshe ne za mu yi sharhinmu na yau, domin akwai wata cuta da ke tafe da sana'ar tasu wadda ba kasafai ake kiran ta da sunanta ba, kuma mafi yawan waɗanda take kamawa yara ne da iyaye suka turo daga ƙauyuka domin su koyi abin dogaro da kai.

Idan dai ba a manta ba, a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuma a watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Kayayyakin gyaran mota da ake shigowa da su daga ƙasashen waje sun yi tashin gwauron zabi, har da gilashi. A ɗaya ɓangaren kuma, tuƙi da farfasasshen gilashi laifi ne a ƙa'idojin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Direban da tsakuwa ta tsaga wa gilashi a hanyar Wudil ko ta Kura, wanda a da zai wuce Ƙofar Ruwa ya sayi sabo ko na hannu, yanzu ya gwammace a yi masa faci. Wannan alheri ne ga masu sana'ar, kuma muna yi musu murna. Sai dai yawan aiki yana nufin yawan taɓa gam da yawan shaƙar sa.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aikin yake. Gilashin gaban mota falle biyu ne da aka manne da wata siririyar leda a tsakani, shi ya sa idan ya fashe ba ya tarwatsewa. Idan fallen waje ya tsage, mai gyara yakan share wurin, wani lokaci ya huda shi kaɗan, ya ɗura wani ruwan gam mai haske ta hanyar matsa shi da ɗan famfo har ya cike tsagar, sa'annan ya busar da shi da wata fitila ta musamman ko da hasken rana, ya kankare abin da ya yi saura da reza. Wannan ruwan gam an haɗa shi ne da sinadaran da ake kira akirilet. Idan ya bushe ya sandare, illarsa kaɗan ce ƙwarai. Haɗarin yana cikin ɗanyensa, wato tun yana ruwa.

Abin da ma'aikata suka fi kuka da shi shi ne warin: yaji a ido, ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro, atishawa, ciwon kai, wani lokaci da jiri ko tashin zuciya. Waɗannan sukan lafa idan mutum ya fita ya sha iska, shi ya sa ake raina su. To amma a fahimtarmu, kuma bisa abin da likitocin fata suka daɗe suna rubutawa, taɓa gam ɗin da hannu ya fi shaƙar sa ɓarna. Sinadarin akirilet yana ratsa fata, kuma bayan watanni ko shekaru ana taɓa shi, jikin wasu mutane yakan ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Daga wannan rana, ko ɗigo ɗaya ya taɓa mutum, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai kan yatsu su yi ja, su yi ƙuraje masu ruwa, su bushe, su tsattsage har su yi jini. Wani ma har fatar idonsa da wuyansa sukan kumbura saboda ya share zufa da hannun aiki. Tun da ciwon ba ya fitowa nan take, ba a cika danganta shi da gam ba. Sai a ce sanyi ne, ko kirci, ko kaushin hunturu, ko ma a ce sammu ne daga abokin sana'a.

Babban abin damuwa shi ne, idan jiki ya riga ya yi wannan ƙiyayya da sinadarin, ba ya mantawa. Magani yana kwantar da ƙurajen, amma da zarar an koma aiki sai su dawo. Yaron da ya shafe shekara huɗu ko biyar yana bauta wa maigidansa, yana jiran ranar yaye, zai iya wayar gari hannunsa ba ya iya riƙe kayan aikin da ya koya. Kuma matsalar ba ta tsaya a gareji ba, domin dangin wannan sinadari ne ake amfani da su wajen cike haƙori da yin haƙoran roba, da kuma manne wasu na'urorin auna sukari da masu ciwon sukari ke liƙawa a jiki. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta ware akirilet a matsayin sinadarin da ya fi cancantar a yi hattara da shi a shekarar 2012, sa'annan a 2020 ta sake ware ɗaya daga cikin danginsa, wanda akan samu a cikin gam ɗin gilashi.

Akwai kuma gam na biyu, baƙin nan mai kauri da ake matsawa a gefen firam idan za a sa sabon gilashi. Shi kuma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa ciwon asma a wuraren aiki a duniya. A cikin sanyi ba ya tashi a iska sosai, amma yana shiga ta fata, kuma idan aka ƙona tsohon gam da wuta ko aka goge shi da inji domin a yi sauri, hayaƙin yana da mugun haɗari. Wannan sinadari dai shi ne ke cikin fentin mota mai haɗi biyu, kuma a garejojinmu mai gilashi da mai fenti sau da yawa rumfa ɗaya ce ta raba su, don haka wanda bai taɓa riƙe bindigar fenti ba ma yana samun rabonsa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ɗauki lamarin da muhimmancin da tun daga 24 ga watan Agusta na 2023, ba a yarda ma'aikaci ya yi aiki da kayan da ke ɗauke da wannan sinadari fiye da ɗan ƙanƙanin kaso ba sai ya samu horo. Mu a nan, yaro ɗan shekara goma sha huɗu ne ke shafa shi da yatsa.

Irin wannan asma tana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa. Sau da yawa ba a bakin aiki take tashi ba, sai cikin dare, bayan an tashi daga aiki da sa'o'i: tari, nauyin ƙirji, numfashi mai fito. Idan aka yi hutun Sallah ko aka tafi gida noma da damina sai mutum ya ji garau, idan ya dawo kuma ta dawo. Idan aka gane ta da wuri aka nisanta mutum da sinadarin, akwai kyakkyawan zaton samun sauƙi. Idan aka bari ta yi shekaru, takan zauna har abada ko da an bar sana'ar.

Wasu al'adun gareji suna ƙara dagula al'amarin. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, sinadarai sun fi saurin tashi a iska, kuma mai gyara yakan shiga cikin motar da ke rufe ya yi aiki daga ciki. Da hunturu kuma ana toshe ƙofofi saboda ƙura kada ta ɓata aiki. Yara da dama a cikin shagon suke kwana, kusa da gwangwanayen gam da na tina. Idan an tashi cin abinci, da fetur ko tina ake wanke hannu, alhali suna cinye maiƙon da ke kare fata, su buɗe wa gam hanya, ga shi kuma fetur na ɗauke da benzin, wanda an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Sai kuma maganar madara. Kusan duk garejin da ka shiga za a ce maka gwangwanin madara bayan aiki yana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, ba mu hana kowa sha ba, amma ciki take zuwa, ba huhu ba. Haka takunkumin ƙyalle da muka saba da shi tun lokacin annobar Korona a 2020: yana tare ƙura, ba ya tare tururin sinadari. Wanda ke tarewa shi ne mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ma sai ana sauya gwangwanin, kuma ga mai feshin fenti ko wannan bai wadatar sosai ba.

Wani abin da ya kamata hukumomi su sa wa ido shi ne yadda ake sayar da waɗannan kayayyaki. Saboda tsada, akan sayi babban mazubi a rarraba a ƙananan kwalabe da robobin ruwa marasa suna, marasa gargaɗi, marasa ranar lalacewa. Mu a Kano mun san illar sinadari marar suna. A shekarar 2021 an rasa rayuka, ɗaruruwan mutane kuma suka kwanta a asibiti, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, har sai da hukumar NAFDAC ta shigo cikin binciken. Likitan da aka kawo wa yaro da kumburarren hannu, idan babu takardar da ke jikin kwalba, da me zai san abin da ya taɓa shi?

A nan ne maganar ta shafi jama'armu na karkara kai tsaye. Yaron da ciwo ya kayar a Tarauni ba a Tarauni yake jinya ba. Gida ake mayar da shi, Dawakin Kudu ko Warawa ko Bunkure, a fara da jiƙe-jiƙe, a je kemis a sayi man shafawa da maganin tari, in abin ya ƙi a je ƙaramin asibitin mazaɓa. A can za a gwada shi zazzaɓin cizon sauro, wataƙila a tura shi gwajin tarin fuka, kuma hakan daidai ne ga duk mai tarin da ya kai mako biyu. Da yake ya bar gareji, sai ya samu sauƙi, a ce magani ya yi aiki, a mayar da shi wurin maigidansa. Bayan wata guda a sake dawowa da shi. Abin da ya ɓace a duk wannan zirga-zirga tambaya ce guda biyu da ba sa cin ko kwabo: wace sana'a kake yi, kuma kana jin sauƙi idan ka bar wurin aiki? Muna ganin ya dace Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha ta sanya waɗannan tambayoyi cikin abin da kowane jami'in lafiya zai riƙa yi wa matashi mai tari ko ciwon hannu, a dukkan ƙananan hukumomi 44. Abin mamaki ma shi ne, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da ƙwararrun likitocin fata da na ƙirji, yana nan a Titin Zariya, tafiyar ƙafa daga wasu garejojin da muke magana a kansu.

Ta fuskar doka, ba a rasa tanadi ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai kuma Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta amince da cutar da aiki ya haddasa, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya ga asusun NSITF. Sai dai masu binciken wuraren aiki suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, hankalinsu ya fi karkata ga manyan masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma yaron shago ba shi da albashi balle a cire masa kaso. Saboda haka jiran Abuja a wannan magana ɓata lokaci ne. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da rumfuna a yankunansu, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'an duba-gari. Waɗanda ke zagayawa karɓar kuɗin shago a kowace shekara sun san ƙofar kowane gareji. Babu abin da zai hana Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai mazaɓu goma kacal, ta zauna da shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da masu unguwanni, a amince da 'yan ƙa'idoji: a raba wurin fenti da na sauran ayyuka, a daina ƙona tsohon gam, kada yara su kwana inda ake ajiye sinadarai, kowace kwalba ta kasance da sunan abin da ke cikinta. Hakazalika ƙungiyar za ta iya tuntuɓar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KSCHMA, kan yadda za a shigar da mambobinta da yaransu cikin tsarin, domin kuɗin ganin likita ne ke mayar da mafi yawansu kemis.

Ga iyayen gida masu garejoji kuwa, abin da ake buƙata bai kai kuɗin facin gilashi ɗaya ba. Safar hannu ta naitiril, wadda galibi shuɗiya ce, ita ta fi dacewa, domin farar ta roba da aka saba gani gam ɗin yana ratsa ta cikin 'yan mintoci. Ita ma shuɗiyar a cire ta a jefar da zarar gam ya zuba a kanta. A ajiye sabulu da bokitin ruwa a maimakon fetur, a buɗe ƙofofin mota yayin aiki, a rufe kwalba da zarar an ɗiba. Idan gam ya faɗa a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti goma sha biyar kafin a nufi asibiti, a kuma tafi da kwalbar. Uban da zai kai ɗansa koyon wannan sana'a yana da haƙƙin ya tambayi maigidan inda yaron zai riƙa kwana da abin da zai riƙa wanke hannu da shi, kuma idan yaron ya zo gida hutun Sallah, ya kama hannunsa ya duba kan yatsunsa.